Idon Likita a Cikin Kwamfuta: Bitar Aikin Masanan Japan Kan Tabon Huhu

A shekarar 2022 mujallar Modern Pathology ta buga wata maƙala da shafukanta ba su kai goma ba, aikin masana tara da ke Japan. Wataru Uegami ne na farko a jerin marubutan, Farfesa Junya Fukuoka na Jami'ar Nagasaki kuma shi ne jagoran tawagar. A cikinsu akwai likitocin nazarin tsoka, waɗanda aikinsu shi ne duba naman da aka yanko daga jikin majinyaci a ƙarƙashin madubin likita. Akwai likitocin ƙirji daga asibitin Tosei, da masanin hoton ƙirji, da injiniyoyin kwamfuta daga cibiyar binciken fasaha ta ƙasar da ake kira AIST. Sun raɗa wa hanyar da suka ƙirƙiro suna MIXTURE. Abin da suka sa a gaba shi ne koya wa kwamfuta karanta hoton naman huhu mai tabo, ta yadda in ta yanke hukunci za ta iya nuna wa likita abin da ta gani har ta yanke shi. Maƙaloli kan ƙirƙirarriyar basira a asibiti sun yi yawa a 'yan shekarun nan, kuma galibinsu gasar lamba ce kawai, kowa na cewa tasa na'urar ta ɗara ta wane da kashi biyu cikin ɗari. Wannan ta fita daban, shi ya sa na ga ta cancanci a zauna a karanta ta a tsanake.

Sai an san ciwon kafin a gane darajar aikin. A huhun babban mutum akwai ƙananan jakunkunan iska kimanin miliyan 480, kuma bangon da ya raba iskar da ke cikinsu da jini siriri ne ƙwarai, a wurare da dama kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Akwai cututtuka sama da ɗari biyu da ke taɓa wannan bango. Wasu kumburi suke sa shi, in an ba da magani ya sauka. Wasu kuwa tabo suke bari, bangon ya yi kauri ya ƙeƙashe, huhu ya daina buɗewa yadda ya kamata, iska ta riƙa wuya kafin ta isa jini. Majinyaci yakan fara da haki in ya hau bene, da busasshen tari da ba ya jin magani. In likita ya ɗora abin sauraron ƙirji a gadon bayansa ta ƙasa sai ya ji ƙaras-ƙaras, wani lokaci kuma kan yatsunsa ya yi ƙulu-ƙulu, farce ya lanƙwashe. Mafi muni a wannan dangi ita ce wadda likitoci ke kira IPF, tabon huhun da ba a gano musabbabinsa ba. Ta fi kama dattawa maza, musamman waɗanda suka taɓa shan taba, kuma kafin zuwan magungunan yanzu rabin masu ita ba sa wuce shekara uku zuwa biyar bayan an gano ta. Akwai nau'o'in kansa da dama da suka fi ta sauƙi.

Bambance ta da 'yan'uwanta magana ce ta rai da mutuwa. Shekaru da yawa ana ba masu IPF magungunan danne garkuwar jiki, bisa zaton kumburi ne tushen abin. Sai aka yi gwajin PANTHER a Amurka, aka ba wani rukuni haɗin firednison da azatiyofirin da asetilsistin, wani rukunin aka ba shi ƙwayar da ba magani a ciki. A ƙarshen 2011 dole aka dakatar da wannan ɓangare na gwajin: mutum takwas sun rasu a cikin masu shan haɗin, mutum ɗaya a ɗaya rukunin. Alhali irin waɗannan magunguna su ne ke taimakon wanda tabonsa ya samo asali daga cutar garkuwar jiki. Yau mai IPF magungunan rage gudun tabo ake ba shi, irin su pirfenidone wanda Japan ce ta fara amincewa da shi a 2008, da nintedanib wanda Amurka ta amince da shi tare da pirfenidone a 2014. Ba sa warkarwa, suna dai ja wa ciwon birki. Ashe kuskuren suna na iya sa a ba mutum abin da zai gaggauta ajalinsa, ko a hana shi abin da zai ƙara masa kwana.

Wajen gano ciwon, ba kowane majinyaci ake yanka ba. In hoton CT ya nuna alamun a fili, an gama. Waɗanda hotonsu ya ƙi ba da amsa su ake kai wa ɗakin tiyata, a huda tsakanin haƙarƙari, a zura kyamara, a yanko 'yar tsoka daga sassa biyu ko uku na huhu. Aikin ba wasa ba ne. Wani bincike da John Hutchinson da abokansa suka buga a 2016 kan asibitocin Amurka ya nuna kashi 1.7 cikin ɗari na waɗanda aka shirya musu aikin a natse suna rasuwa kafin a sallame su, in kuwa na gaggawa ne adadin ya kai kashi 16. Tsokar nan da aka samo da irin wannan kasada ita ake jiƙawa a fomalin, a daskarar da ita cikin kaki, a yanka ta falle-falle siriri, a shimfiɗa a kan gilashi, a rina ta da rini biyu: ɗaya ya mai da cibiyar ƙwayoyin halitta shuɗi mai duhu, ɗayan ya mai da sauran naman ruwan hoda. Daga nan sai a miƙa wa likitan nazarin tsoka.

Abin da yake nema shi ne wani salon tabo da ake gani a IPF, wanda ake kira UIP, sunan da ya samo asali daga rabe-raben da Averill Liebow ya yi a shekarun 1960, wanda Anna-Luise Katzenstein da Jeffrey Myers suka sake tacewa a shekarun 1990. Yakan fara da kallon gilashin daga nesa. A UIP tabon ba ya game ko'ina daidai. Yana taruwa ne a ƙarƙashin fatar da ta lulluɓe huhu da gefe-gefen ƙananan sassansa, jajir kuma cunkus, sai ga shi dab da shi akwai jakunkunan iska lafiya lau, kamar ba abin da ya same su. A wasu wuraren ginin huhun ya rushe gaba ɗaya, ya koma ramuka masu kaurin bango cike da majina, abin da ake kira saƙar zuma. Sai likitan ya ƙara ƙarfin madubi ya bi iyakar da ke tsakanin tabo da lafiyayyen nama. A nan yake farautar wasu 'yan tuddai ƙanana, farare-farare masu ɗan toka-toka, waɗanda ƙwayoyin cikinsu dogaye ne sirara, sun kwanta jere da juna a ƙarƙashin wata 'yar shimfiɗa. Waɗannan su ne gurabun sabon tabo, inda ciwon ke ci a yanzu. Tsohon tabo, sabon tabo da lafiyayyen nama a gilashi ɗaya: wannan ne hatimin UIP. Kishiyarsa da aka fi rikita shi da ita, NSIP, kaurin bangonta bai ɗaya ne ko'ina, ginin huhu kuma yana nan a tsaye.

A littafi abin a sarari yake. A kan gilashi kuwa gwanaye ma saɓani suke yi. A 2004 Andrew Nicholson na asibitin Royal Brompton da ke Landan ya jagoranci wani nazari inda ƙwararru goma na Birtaniya suka duba samfura iri ɗaya, aka tarar daidaituwar bakinsu ba ta taka kara ta karya ba, kuma fiye da rabin saɓanin a kan NSIP ne da raba ta da makamantanta. Kafin nan, a 2001, Kevin Flaherty da abokansa a Michigan sun nuna cewa a wajen kashi ɗaya cikin huɗu na majinyata, wani sashe na huhu UIP yake nunawa, wani sashen NSIP, a ƙirjin mutum ɗaya. Ita kanta tawagar Fukuoka ta taɓa buga nazari a 2016 kan wannan saɓani, inda ta auna hukuncin likitoci da abin da ya sami majinyatan daga baya. Saboda haka maƙalar 2022 ba daga sama ta faɗo ba. Mutane ne da suka daɗe suna fama da matsala ɗaya, suka ɗauki kwamfuta domin ta taya su, kuma ana jin haka a yadda suka tsara aikin.

Hanyoyi biyu aka saba bi wajen koyar da na'ura irin wannan karatu. Ta farko, a sa likita ya zauna da hoton gilashin da aka ɗauka da na'urar sikana, hoton da faɗinsa kan kai ɗigo dubu ɗari, ya riƙa zagaye kowace alama da hannu yana sa mata suna. Wannan na cin watanni, kuma ƙwararrun tabon huhu a duniya 'yan kaɗan ne, ba su da wannan lokacin. Ta biyu, a zuba wa na'ura hotuna da amsoshinsu, wannan UIP ne, wancan ba shi ba ne, a bar ta ta nemo wa kanta abin da ya raba su. Wannan ta fi sauri, amma ba wanda ya san abin da na'urar ta kama. Misalin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne na John Zech da abokansa a 2018. Sun gano cewa na'urar da aka koya wa gane ciwon namoniya a hoton ƙirji ta iya gane asibitin da aka ɗauki hoton, har tana lura da ɗan ƙarfen da ma'aikata ke ɗorawa a gefe don nuna dama da hagu. Da yake wani asibitin ya fi wani yawan masu ciwon, sanin asibiti kawai ya isa ya ɗaga mata maki. A gilashin nama kuwa irin waɗannan tarkuna sun fi yawa: kaurin yanka, ƙarfin rini, irin sikanar da aka yi amfani da ita.

Masanan Japan sun bi ta tsakiya, kuma a nan ne gwanintar aikin take. Da farko sun daddatsa kowane hoto zuwa dubban ƙananan murabba'ai. Suka bar na'ura ta yi ta kallonsu ba tare da an gaya mata sunan komai ba, har ta koyi gane wanne ya yi kama da wanne, sannan ta tara masu kama da juna tuli-tuli. A mataki na biyu ne likitoci suka shigo. Maimakon su bi murabba'ai ɗaya bayan ɗaya, sai suka riƙa duba tulin, suna haɗe waɗanda ma'anarsu ɗaya ce a wurin likita ko da kamanninsu sun ɗan bambanta, suna sa musu sunayen da aka sani a fagen. Abin ya yi kama da sabon yaron dillalin goro da aka juye masa kwando aka ce ya ware. Idonsa na da kaifi, zai raba fari da ja, manya da ƙanana, ya yi tuli ashirin. Amma sai uban gidansa ya zo ya ce waɗannan ukun iri ɗaya ne, jiƙa ce kawai ta bambanta su, wannan kuwa da kake gani sumul ƙwaro ya shige shi, wancan tulin ganye ne, kwashe shi. Aikin ubangidan na 'yan mintuna ne, amma shi ya mai da tarin ya zama haja. A mataki na uku sai aka koma aka sake horar da na'urar da waɗannan tulin masu suna, har ta iya ɗaukar sabon murabba'in da ba ta taɓa gani ba ta ce wannan tabo ne mai kauri, wannan gurbin sabon tabo ne, wannan lafiyayyen nama ne.

Wani abin da ya burge ni shi ne ba na'ura ɗaya suka gina ba, uku ne, kowacce da ƙarfin madubin da take kallo da shi: ta nesa, ta tsakiya, ta kusa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan likitan nazarin tsoka ya ga yadda hannunsa ba ya barin abin juya madubi, ya ja baya ya ga fasali, ya matso ya ga ƙwayoyi, ya sake ja baya. Injiniya shi kaɗai zai iya zaɓar mafi ƙarfin madubi bisa zaton can ne bayani ya fi yawa. Likitan huhu ya san rabin amsar daga nesa ake ganinta. Wannan tsari shaida ce cewa masu sana'ar ne suka riƙe ragamar aikin.

Bayan na'urorin sun gama sa wa murabba'ai suna, sai a ƙidaya yawan kowace alama a samfurin majinyaci, a ba wani lissafi dabam ya faɗi ko UIP ne ko ba shi ba ne. Ma'aunin da suka yi amfani da shi, AUC, yana da sauƙin fahimta. A ɗauko majinyaci ɗaya mai UIP da ɗaya marar shi, a tambayi na'ura wanne ne wanne. In maki 0.5 ne, canki-canki take yi. In 1.0 ne, ba ta kuskure. Tasu ta sami 0.90 a rukunin tantancewa, da 0.86 a rukunin gwaji na ƙarshe. A fagen da ƙwararru ke saɓani haka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne gwajin da suka yi wa ra'ayinsu da kansu: sun cire matakin likitoci, suka bar tulin yadda na'ura ta tara su, sai makin ya kasa kai wa can. Da yawan masu bincike da sun tsaya a cewa sa hannun likita abu ne mai kyau. Su sun auna, suka nuna shi ne ya ɗaga aikin. An daɗe ana faɗa mana cewa dole a zaɓa, ko na'ura mai bayani ko na'ura mai daidaito. A wannan ciwo dai, a wannan gwaji, an sami biyun a hanya ɗaya.

Sannan suka kai maganar gaban alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. In likitoci na saɓani, to da amsar wa za a auna na'ura? Suka bi bayan majinyatan. A cikin waɗanda na'ura ta ce UIP ne, kashi 55.4 cikin ɗari ne suka kai shekara biyar a raye. A cikin waɗanda ta ce ba shi ba ne, kashi 95.2. Tazarar kusan kashi arba'in ke nan. Ko mutum na shakkar sunan da aka sa wa gilashi, ba zai yi shakkar cewa na'urar ta raba mutane gida biyu da makomarsu ta bambanta ƙwarai ba. A ganina wannan ne shafi mafi nauyi a maƙalar.

Da yake na'urar da harshen likita take magana, an iya tambayar ta wace alama ce ta fi tafiya da mutuwa. Huɗu suka fito: tabo mai kauri, gurabun sabon tabo, taruwar zaruruwan nan masu talewa da ke cikin huhu, da cincirindon ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira limfosait. Biyun farko ba su ba kowa mamaki ba, tun farkon shekarun 2000 Talmadge King da Nicholson suka nuna yawan gurabun sabon tabo na tafiya da gajeren kwana. Ta ukun ma Japanawa sun san ta sarai, domin a ƙasarsu aka fara bayyana tabon saman huhu mai irin waɗannan zaruruwa a 1992. Ta huɗun ce ke tsayar da mai karatu. A al'ada, in likita ya ga limfosait sun taru da yawa, hankalinsa na tafiya ga cututtukan garkuwar jiki, waɗanda galibi sun fi IPF sauƙi. Kuma a 2021 Kati Mäkelä da abokanta a Helsinki, su ma da taimakon kwamfuta, sun duba samfuran masu IPF 71, suka tarar masu yawan ƙwayoyin kumburi a bangon huhu sun fi daɗewa a raye. Ba lalle sakamakon biyu su zama kishiyoyi ba. Na Helsinki masu IPF zalla ne, na Japan gauraye ne, kuma ƙwayoyin da suka bazu a bango daban suke da waɗanda suka dunƙule wuri guda. Wataƙila dunƙulen na bin tsohon tabo ne kawai, inda ya yi yawa su ma su yi yawa. Ko ma mene ne, ga tambaya ta fito da wani zai iya ɗaukar gilashi ya bincika. Na'urar da ba ta bayani da ba za ta taɓa haifar da wannan muhawara ba, lamba kawai za ta tofar ta yi shiru.

Duk da haka akwai inda nake da ja. Na farko, murabba'i ba ya sanin maƙwabcinsa. UIP kuwa labarin wuri ne: tabon yana ina, me ke kusa da shi, ina ya tsallake. In ka daddatsa hoto ka ƙidaya yawan kowace alama, ka san nawa ne amma ka rasa a ina ne. Kallon nesa na rage wannan giɓi, bai dai cike shi ba. Huhu biyu na iya samun tabo daidai wa daida, ɗaya a gefe-gefe, ɗaya zagaye da ƙananan hanyoyin iska, kuma wannan bambancin ne ke sa likita ya fara tambayar majinyaci ko yana kiwon tsuntsaye. Wannan ya ja ni zuwa ga shakkar da ta fi damuna game da lambobin rayuwa. Kashi 95.2 adadi ne mai yawa, alama ce cewa wancan rukunin na ɗauke da mutane da dama da ciwonsu bai yi nisa ba. To shin na'urar salon UIP take ganewa, ko yawan ɓarna kawai take aunawa? In na biyun ne, likitan ƙirji zai ce ai yana da abin auna numfashi, yana kuma da ma'aunin GAP da aka fitar a 2012, wanda ke haɗa jinsi da shekaru da ƙarfin huhu ba tare da an yanka kowa ba. Jarabawar da ke gaban wannan hanya ita ce ta nuna tana ƙara wani abu a kan waɗannan.

Na biyu, idon da ya koyar shi ne idon makaranta ɗaya. Masanan da suka haɗe tulin su ne suka shata wa na'ura iyakar abin da za ta iya gani. Abin da suka ɗauka ɗaya ne, ita ma har abada ɗaya ne a wurinta. Da an ba likitocin Landan ko na Michigan tulin nan, wa ya tabbata haka za su haɗe su? Saɓanin da aka so a magance bai ɓace ba, wuri ya sauya, ya koma matakin haɗe tuli. Sai dai a nan ma hanyar na da kariya, domin yanzu saɓanin a fili yake. Ana iya baje tulin a allo a yi gardama a kansu, abin da ba ya yiwuwa da abin da ke cikin kan likita.

Sauran ƙorafe-ƙorafen sanannu ne, ba sai na ja su ba. Samfuran na Japan ne, tsofaffi da aka ciro daga ma'ajiya, kuma Japan na da nata cututtukan, irin ciwon huhun bazara da wani naman gwari na gidajen katako masu danshi ke jawowa. Magungunan da majinyata suka sha ma na shafar tsawon kwanansu. UIP kuma ba shi ne IPF ba, salo ne da ake gani har a amosanin gaɓɓai, da cutar ƙurar asbestos, da ciwon masu kiwon tsuntsaye in ya tsufa. Hukuncin ƙarshe har yau a zaman haɗin gwiwa ake yanke shi, likitan ƙirji da na hoto da na tsoka su zauna tare.

Akwai kuma batun zamani. Duniya na ja da baya daga yankan tiyata zuwa wata hanya mai sauƙi, inda ake zura bututu ta maƙogwaro, a daskarar da ɗan nama da sanyi a fizgo shi. Gwajin COLDICE na Ostireliya da aka buga a 2020, kan mutum 65, ya sami daidaito na kashi 70.8 tsakanin hanyoyin biyu a kan gilashi, kuma ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin ƙirji na 2022 sun yarda da ita a cibiyoyin da suka ƙware. Naman da take kawowa ɗan mitsitsi ne, sau da yawa ba ya haɗawa da fatar huhu inda UIP ya fi zama. A can ne likita ya fi buƙatar mataimaki, a can ne kuma na'urar da ta koyi karatu a kan manyan yanka za ta fi shan wuya.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa ina ruwanmu. A wurinmu dattijon da ya zo da tari da haki, abin da aka fi yi shi ne a ɗora shi kan maganin tarin fuka na wata shida, wani lokaci har sau biyu, kafin wani ya yi tunanin tabo. Ga masu kiwon tantabara a soro, ga masu niƙan dutsen zinariya a Zamfara, ga masu fasa dutse, ga dubban da tarin fuka ya warke ya bar musu huhu a ƙeƙashe. Na'urar Nagasaki yadda take ba za ta yi mana aiki ba, ba huhunmu ta karanta ba, kuma yankan huhu don bincike ba abu ne da ake yi kullum a asibitocinmu ba. Abin ɗauka a wurinmu dabarar ce. Inda likitocin nazarin tsoka suka yi ƙaranci, kowanne da tulin gilasai a gabansa, hanyar da ke neman ɗan lokacin ƙwararre a maimakon watanninsa ita ce mai yiwuwa. Marubutan da kansu sun ce ana iya gwada ta a wasu cututtukan da ake ganowa ta hoto. Ba abin da zai hana wata jami'a tamu da ta mallaki sikana ta gwada ta a kan kansar mama ko ta hanta, da gilasanmu da idon likitocinmu.

Ta fuskar rubutu, maƙalar ba ta da kwalliya kuma ba ta cika baki. Ba ta ce na'ura za ta maye gurbin kowa ba. Wanda ba likita ba zai sha wuya a sashen hanyoyin bincike, amma taƙaitawar farko a buɗe take ga duk mai jin Turanci, kuma hotunan da aka rina kowace alama da launinta a kan yankan huhu sun isa su nuna wa mutum abin da ake nufi. Hukuncina shi ne aiki ne nagari da bai kammala ba: ya kafa hujja mai ƙarfi cewa a bar likita a tsakiyar ginin na'ura, bai kai ga tabbatar da cewa wannan na'urar ta isa a dogara da ita a kan majinyaci ba, sai an gwada ta a wasu ƙasashe da kuma kan ƙananan samfura. Ɗaliban likitanci da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu su nemi mujallar Modern Pathology, kundi na 35 na shekarar 2022, su karanta ta tare a zama ɗaya, kowa ya yi wa ɗan'uwansa bayanin ɓangaren da ya fi sani.